Hoton da ya tsayar da rabon gado

Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu aka buɗe adakarsa. A ƙarƙashin rigunan saƙi muka tarar da wani hoto a takarda mai kauri, duk ta yi ja don tsufa. Gada ce da kwale-kwale a wani kogin da ba na ƙasarmu ba, an zana da baƙaƙen layuka sirara kamar gashi. Wani Anasara da Baba ya yi wa kuku a Malbaza, lokacin ana gina gidan siminti, shi ya ba shi. Babu suna a jiki, babu komai.

Malamin da ke raba gadon ya raba gona, ya raba awaki, ya zo kan hoton ya tsaya. Ya ce abin da ba a san kuɗinsa ba, ba ya rabuwa, sai an kawo wanda zai yi masa kuɗi.

Mu biyu Baba ya bari, ni da yayana da ke aiki a gidan simintin. Kwana uku sai ga shi da wani dillalin tsofaffin kaya daga tsallaken iyaka. Tun daga gaisuwa ban yarda da mutumin nan ba. Wanda ya tambayi lafiyar awakinki sau biyu, akwai abin da yake nema. Ya shafa takardar, ya ɗaga ta a rana, ya ce irin wannan a farantin jan ƙarfe ake karce shi da allura, a shafa tawada, a danna a takarda. Na gaske ne, in ji shi, amma tunda babu sa hannun mai zanen, jika biyu ta sefa ma alfarma ce.

Yayana ya ce, “To a sa shi cikin rabona, a huta.”

Saurin nan ne ya tsaya mini a rai. Ruwa ba ya tsami banza. Na ce, a gaban Malam da dattawan unguwa, “Yaya, kai da baƙonka kun gama ciniki tun bisa hanya, ko? Ni ba a ci da ni a goge mini baki.” Malam ya sunkuyar da kai. Yayana ya dube ni, ya sa takalmansa, ya fita.

Na naɗe hoton a zane na hau mota zuwa Konni, wajen wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka ce yana tara irin waɗannan abubuwa. Ko shi ban sake masa ba, ina riƙe da kusurwa ɗaya yana dubawa. Ya bi gefen da farce ya ce, “Hajiya, wanga an yanke mai baki da almakashi. Nan ƙasa mai zane ka sa hannu da fensir. Shi anka hidda.”

Na ce a raina, ashe har yanka yayana ya yi don ya karya kuɗin. Na tambaya ko sabon yanka ne. Ya yi dariya. Ya ce bakin ya yi ja daidai da sauran takardar, yankan ya girmi 'ya'yana, kuma hannun da ya yi shi bai iya riƙon almakashi ba.

A mota, wajen Tsarnawa, abin ya dawo mini. Ina 'yar shekara tara, madubin Inna ya fashe, na ga katakonsa zai yi kyau da hoton Baba. Bai shiga ba, na rage fararen gefen har ya shiga. Kunya ta rufe ni, na ji kamar kowa a motar ya sani.

Ban wuce gida ba, na sauka Malbaza. Na sami yayana ya taso daga aiki, gira duk farin siminti. Na fara kame-kame, ya tare ni.

“Na sani. Ina bakin ƙohwa ran da kinka yanke shi. Ni Baba ya buga, don na ce ni ne.”

“To don mi ba ka hwaɗi ba gaban Malam?”

“In hwaɗi mi? In kunyata ƙanwata gaban mutane?”

Ya sa aka kawo mini ruwa, ya raka ni tasha, ya biya kuɗin mota. Hoton ya ce in riƙe. Da ya dawo garinmu Illéla ran Juma'a, gidan maƙwabta ya ci tuwo, ba gidana inda ya saba ba, ni kuwa ya gaishe ni daga zaure.