Kwana Tara Hambali Yana Jiran Mai Wanka

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu tattara komai daɗewa. A ranar Asabar, 14 ga Satumba, 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hambali Dikko, ɗan Ƙofar Doka a Zariya, ɗalibin digiri na uku a fannin gine-gine a nan Doha. Ya rasu yana da shekara talatin da takwas, a kan wata siririyar hanyar keke da ke hawa zuwa wani tsohon ƙauye mai ganuwa, a gindin duwatsun Alps na arewacin Italiya. Likitoci sun ce zuciyarsa ce ta tsaya. Ya bar mahaifiyarsa Hajiya Mero, da matarsa Firdaus, da 'yarsu Zahra. Ba a sa shi a ƙasa ba sai bayan kwana tara, kuma kwana taran nan ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Hambali, na so in rubuta maka irin ta'aziyyar da aka saba, in jera halayenka in rufe da addu'a, kowa ya karanta ya ce Allah sarki. Na gwada sau uku na yaga. Ƙyama ce cike da ni, ƙyamar abin da muka yi maka, mu 'yan uwanka na garin nan, kuma ban cire kaina ba.

Shekara biyar ke nan da na fara ganinka a unguwar Muntazah, ka saɓo keke a kafaɗa kana hawa bene na uku da shi, gumi ya jiƙe maka riga. Na ce maka, a ƙasar da zafi ya sa har mota ake ba ruwan sanyi kai keke ka zaɓa? Ka yi dariya ka ce da kuɗin faci aka yaye ka, don mahaifinka mai gyaran keke ne a bakin Ƙofar Doka. Ba ka taɓa ɓoye wannan ba, ko a gaban farfesoshi. Duk Juma'a bayan la'asar sai ka shimfiɗa kwali a ƙasan benenku, masu gadi da masu kai saƙo su jero da kekunansu, wannan birki ya saki, wancan kaca ta tsinke. Kana gyara kana tambayar kowa lafiyar gida, kuma kafin mutum ya gama godiya ka jawo na gaba. Lokacin da matata ta haihu ina wajen taro a wata ƙasa, kai da Firdaus kuka yi zaman asibiti, kai ka yi wa jaririn huɗuba. Ban manta ba, ko da yake halina na baya ya yi kama da na wanda ya manta.

Doha a shimfiɗe take kamar faifai, kai kuma tudu kake nema. Shi ya sa kake tashi bayan asuba ka je benen ajiye motoci, wani mai gadi ɗan Katsina ya buɗe maka, ka yi ta hawa kana sauka har rana ta yi zafi. Mu kuwa a majalisar shayi ta unguwar Al-Sadd muka sa maka suna Alhaji Keke. Muka ce ƙato da gemu ya sa hular kwano yana wasan yara. Kai dai sai ka zaro waya ka nuna mana hotuna: ƙauyuka a kan tudu, kowanne da ganuwar dutse da hasumiya da ƙofa guda, gonakin inabi a ƙasa, farin tsauni a baya. Ka ce tsakanin ƙauye da ƙauye tsofaffin hanyoyin alfadarai ne, mota ba ta bi, ƙafa kuma ta yi jinkiri, don haka keke ne abin aikinka. Kana auna kaurin bango, kana tambayar yadda jikoki suka riƙe abin da kakanni suka gina. Abin da ke cin ranka shi ne tamu ganuwar ta gida, wadda ake haƙa ana loda wa tifa a je a buga bulo. Ba mu saurara ba, muna jiran ka gama mu koma hirar ƙwallo.

Labarin rasuwarka ya iso da azahar. Kafin la'asar Hajiya ta yi magana daga Zariya, ta ce a rufe ka inda ƙasarka ta kira ka, kada a wahalar da gawa, a dai gaggauta. Hukumomin can suka ce ba za su saki gawa ba sai wani ya zo da takardar wakilcin iyali ya sa hannu. Firdaus ba ta da biza, ga shi ta shiga takaba. Mu huɗu ne a cikin jama'armu muke da bizar da ba ta ƙare ba, saboda tarukan ilimi da muke zuwa. Tafiyar awa shida ce a jirgi. Abin da ake bukata ke nan, mutum ɗaya ya tashi.

Ba zan kama suna ba, sun san kansu. Na farko ya ce shugaban sashensu ba zai ba shi hutu ba, alhali bai ko tambaya ba. Na biyu ya ce shi bai iya ganin gawa, kamar akwai wanda aka haifa da iyawa. Na uku ya kashe waya. A zauren WhatsApp kuwa kasuwa ta ci. Aka cika shi da hotunanka, har da na keken da ake yi maka dariya a kai, kowa yana rubuta "aminina". Wani da ke ji da karatu ya aiko da muryar minti goma sha ɗaya yana bincike ko hawa dutse da keke jefa kai ne ga halaka. Wani ya rubuta cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A kwana na uku, wani ya je yi wa Firdaus gaisuwa, bai bar gidan ba sai da ya tambayi abin da za a yi da ɗaya keken da ke jingine a baranda. Duk wannan ana yi kana kwance a ɗakin ajiye gawa, ba wanka, ba likkafani.

Na huɗun ni ne. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu. Ina da gabatar da babi a gaban malamaina a makon, sai na riƙe wannan na yi ta jira wani ya ce zai je. Kullum na buɗe zaure ina duba ko an samu, in ga ba a samu ba, in yi tsaki a kan lalacewar mutane, in rufe waya in koma rubutuna.

Ranar Juma'a aka yi maka sadakar bakwai. A sake karanta wannan da kyau: aka yi sadakar bakwai mamaci bai shiga kabari ba. Aka kama ɗakin taro, aka kawo tirori na shinkafa da naman rago, mutum ya fi ɗari. Aka yi jawabai a kan zumunci. Mai muryar minti goma sha ɗaya shi ya ja addu'a, har da rawar murya. Aka jeru aka ɗauki hoto. Ni ma na zauna na ci, na ƙara. 

Da aka watse, Firdaus ta aiko in zo. Ta yi magana daga bayan ƙofa, muryarta ba kuka ba faɗa.

"Yaya Suraj, har yanzu yana cikin sanyin nan?"

Na ce ana ƙoƙari.

"Shi ba ya son sanyi," in ji ta. "Ko na'urar sanyaya ɗaki rage ta yake yi."

Na yi mata sallama. Na sauko na tarar da Ɗantala, direban nan ɗan Funtuwa da kake gyara wa keken zuwa masallaci, yana tsaye da leda a hannu. Farin yadi ne da kafur da turare, tun ranar Lahadi ya saya yake yawo da su a mota yana neman wanda zai ba.

"Malam Suraj," ya ce, "da ni ke da takardar da ke cikin fasfonka, da ban kwana a garin nan ba. Gobe da safe zan zo in kai ka filin jirgi. Khalas, magana ta ƙare."

Haka na tafi, ba don na fi sauran ba, sai don kunya ta kama ni a gaban direba.

A garin da asibitin yake na haɗu da Abdul-Rahaman, wani mahauci ɗan Maroko. Bai taɓa ganinka da rai ba. Ya ji an ce akwai Musulmi a ajiye, shi ke nan kullum sai ya rufe shago ya je ya tambaya ko 'yan uwa sun zo. Bai tambaye ni abin da ya tsare mu ba, kuma da ya tambaya da ya fi mini sauƙi. Ranar Lahadi ofisoshi a rufe, sai ya ɗauke ni a motarsa muka hau ƙauyen. Muka ajiye mota a ƙasa muka bi hanyar da ka bi, duwatsu da saiwoyi, ina haki kamar zan faɗi. Ya nuna mini wurin, gindin wata bishiya, ƙofar ganuwa tana hange. Saura kaɗan ka kai.

A bakin ƙofar akwai benci, tsofaffi na zaune. Da Abdul-Rahaman ya gaya musu ko ni wane ne, suka miƙe. Ɗaya daga cikinsu, mai sanda, ya yi magana, Abdul-Rahaman yana fassara mini. Ya ce shekara da shekaru masu keke suna ratsa su a guje, ba mai ko ɗaga hannu. Kai kaɗai ne in ka iso sai ka sauka tun daga nesa, ka cire hular kwano, ka turo keken da hannu, ka rusuna ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka shiga. Zuwanka uku, haka kake yi. Da farko sun ɗauka keken ne ya lalace, har suka aika a kira mai gyara. Ka ce musu a garinku ba a wuce manya a kan sirdi. Suka kai ni cikin soron ƙofar, ga kekenka sun lulluɓe da bargo saboda ruwa, sun goge masa laka. A nan na yi kukan da ban yi a Doha ba.

Ranar Litinin na sa hannu. Ni da Abdul-Rahaman muka yi maka wanka, muka sa ka a yadin Ɗantala. Ba zan bayyana abin da kwana tara ke yi wa fuskar mutum ba, na dai roƙe ka gafara ina zuba ruwa. Lokacin tsinkar inabi ne, Musulmin yankin duk suna gona, mutum biyu 'yan Senegal ne kawai suka samu suka zo. A sashen Musulmi na maƙabarta Abdul-Rahaman ya dube mu ya ce an fi son sahu uku a kan mamaci. Sai ya tsayar da ni a bayansa, ɗaya a bayana, ɗaya a bayan wancan. Can baya kuma tsofaffin ƙauyen ne su bakwai, sun sauko a motar ɗaukar kaya, huluna a hannu, suna tsaye shiru har aka gama kabbara huɗu. Mai sandan ma sai da ya zuba ƙasa.

Da muka fito na kira Hajiya. Ta yi hamdala da jin an rufe ka, sannan ta tambayi abu ɗaya.

"Suraju, ya samu jama'a? Sahu nawa?"

"Sahu uku, Hajiya."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Na san Hambali da mutane. Allah Ya yi muku albarka, ku da kuka tsaya masa."

Na amsa da amin, na karɓi albarkar da ba tawa ba. Hajiya ba ta karatun boko. Duk wanda ya ɗauki wannan rubutu ya je ya karanta mata, shi da Allah. Don mu na rubuta, mu da muka ci shinkafa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Hambali, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa a wannan ƙasa ta baƙunci, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajiya Mero haƙuri, Ka sanyaya zuciyar Firdaus, Ka raya Zahra a kan tarbiyyar ubanta. Ka saka wa Abdul-Rahaman da Ɗantala da 'yan uwanmu biyu na Senegal da alheri, tsofaffin nan kuma Kai Ka san abin da suka yi. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalan Malam Dikko na Ƙofar Doka baki ɗaya. Mu kuma da muka rage a garin nan, kowannenmu baƙo ne, kuma kowa zai buƙaci mai wanka. Allah Ka sa idan tamu ta zo mu cika da imani, kada Ka bar gawarmu a hannun irinmu.

Suraj Uwais
Al-Sadd, Doha