Kawu Labbo, Mai Bencin Baya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 8 ga Yuli, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran kawuna, Malam Labbo, a gidansa da ke Gummi, bayan doguwar jinyar ciwon hanta. Ina Anka labarin ya same ni, ina tsinke zogale. Ban samu jana'iza ba. An ce hanya ba lafiya a ranar, sai washegari muka bi ayarin motoci.

Kawu, da yawa sun san aikinka ba su san fuskarka ba. Kai ne mai Bencin Baya, shirin barkwancin nan na 'yan sakandare da wani gidan talabijin na Gusau ya riƙa nunawa duk Asabar da yamma. Ba wani babban labari a ciki, 'yan aji ne kawai da ƙiriniyarsu. Amma daga Gummi har Bukkuyum, yarinya kan gama wanke-wanke da wuri saboda shi.

Mu mun san yadda kake yin sa. Kafin ka kai kowane kashi Gusau, sai ka kawo shi tsakar gidan Inna, ka tara mu 'yan mata da samari tare da iyayenmu mata, a jona ƙaramar talabijin da batirin mota. Kowa ya fuskanci akwatin, kai ka juya masa baya, ka zauna kana kallon fuskokinmu. In yarinya ta sunkuyar da kai, ko ta saci kallon uwarta kafin ta yi dariya, wannan wurin ba zai kai Gusau ba.

Na tuna kashin malami mai in'ina. Mun yi dariya har da hawaye, ban da ƙawata Zaliha, wadda mahaifinta ke da in'ina. Ka ce a yanke. Faruku, mai riƙe maka kyamara, wanda daga baya ya zama mijina, ya ce, "Kawu, kowa fa ya yi dariya."

Ka ce, "Kai akwati kaka kallo. Ni ɗiyan mutane nika kallo."

Ni kuwa kullum da littafin soyayya a hammata, ina damun ka a sa masoya a shirin. Sai ka ce, "Sahura, waɗanda ke cikin littafinki sun ishe ki. In na sa, Innarki za ta raka ni ƙofa da muciya."

Yanzu nakan zauna da ƙannen mijina mata suna kallon abin da ake yi wa 'yan shekarunsu. Ihu, faɗuwa, ƙato da zanen mata, zagin uwa da aka rufe da kiɗa. A kwaikwayi Hausar baƙin da ke haƙar zinari, a kwaikwayi tafiyar gurgu. Suna dariya, ban musa ba. Amma da an kashe, ba wadda ke tuna abin da ya ba ta dariyar, kuma da surukata ta shigo sai su canja tasha. Na gaji da cewa a rage murya.

Abin da ya raba ka da gidan talabijin, mutane kaɗan suka sani. A Bencin Baya akwai Jibo, ɗan Fulani daga wajen Adabka, wanda ke fitowa da sunansa na gaskiya. Shi ne gwanin lissafi a ajin, shi ake roƙo ya ba da satar amsa. Da hare-hare suka yi yawa a Zugu da kewaye, sai aka kira ka aka ce masu kallo ba sa son ganin Bafulatani mai wayo. A mayar da shi wawa, ko mai kai wa 'yan daji rahoto. Ka ce yaran da ke kallo, gobe da ɗan Fulani za su zauna benci ɗaya, ba za ka koya musu abin da za su jefe shi da shi ba. Aka cire shirin. Ka koma gyaran rediyo a bakin kasuwa, ba ka taɓa yi mana ƙorafi ba. Jibo da iyayensa ma sun tashi, ba mu san inda suka yada zango ba.

Kawu, ga abin da ya sa na kasa yin shiru. Ba a yi addu'ar bakwai ba aka kira Faruku daga gidan talabijin ɗin. Za a dawo da Bencin Baya, wai don tunawa da kai. An samo wani ɗan birni an ba shi malafa da sanda, shi ne sabon Jibo, yana karya harshe ana buga masa ƙeya. Sunanka zai fito a farko da manyan baƙaƙe.

A littattafan da nake karantawa, a nan ne miji yake ƙi, daga baya Allah Ya buɗa masa. Na jira Faruku ya ƙi. Amma tun bara ba mu shiga gonarmu ba saboda 'yan daji, ga ni da juna biyu. Da na yi magana sai ya ce, "To mi za mu ci, Sahura?" Na roƙe shi abu ɗaya, ya ce musu a cire sunanka. Ya kai maganar, suka ce sunan suke so, ba don shi ba da ba su kira ba.

Don haka nake rubuta wannan. Duk wanda ya ga sunan Labbo a kan abin da za a nuna, ya sani ba hannunsa a ciki. Ya ƙi tun yana da rai.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, Gwaggo Maimunatu, da 'ya'yanka, da Inna da ta rasa ƙaninta, da Jibo in wannan ya iske shi. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka kabarinka. Kamar yadda ka rufa wa 'ya'yan mutane asiri a gaban iyayensu, Allah Ya rufa maka naka ranar tsayuwa. Mu kuma Allah Ya yafe mana. Ran Litinin Faruku zai ɗauki kyamararka ya tafi Gusau.