Jakar da Na Kai wa Inna

Haɗeja

Ana idar da sallar Asuba na fito, maigidana ya raka ni bakin titi ya tsayar mini da a-daidaita-sahu zuwa tasha. Jakar bakko ce sabuwa a hannuna, babu komai a ciki. Tun da labari ya iso cewa ambaliya ta shanye gonar shinkafar Inna, mahaifiyata, na kasa sukuni, don gonar nan ce cinta tun rasuwar Baba. Na share mata ɗaki, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na ƙudura kwaso kayanta zan yi in dawo da ita gari. Zumuɗi kamar in yi tsuntsuwa.

A shingen hanya wani jami'i ya leƙa jakar, ya tambayi me zan saro. Na ce uwata zan ɗauko. Ya ce, "A cikin jakar, Hajiya?" Mota ta kwashe da dariya, har da ni.

Kirikasamma

Da hantsi muka sauka. Na karya da kunu da ƙosai a tsaye, ɗan acaɓa ya kai ni inda hanya ta nutse. Daga nan sai kwalekwalen Malam Bukar, wani dattijo da ya san ni tun ina yarinya. Muka ratsa ciyawar kacala, fararen tsuntsaye na tashi gabanmu, ruwa iya ganin ido. Can ya nuna ƙasa da sandar tuƙinsa ya ce ta kan gonar Inna muke wucewa. Hawaye suka zubo mini. Ya ce in adana su tukuna.

Ƙauyenmu

Hayaƙi na fara hangowa, gabana ya faɗi. Ashe banda ce! Inna na tsugune gaban murhu, tarwaɗa jere a kan waya, maƙwabta mata na ta fiɗa. Kifi ne ya bi ruwa ya cika gonar, masunta suka kafa raga, kullum suna kawo mata kason mai gona.

Bayan mun ci tuwo da romon kifi na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ce ba inda za ta je. Na tambaye ta, idan ruwa ya janye kifin ya ƙare fa? Ta ce a danshin da ya bari za su zuba wake. Na ce idan waken bai yi ba?

Ta dube ni ta ce, "Uwani, so kike Allah Ya ba ni abincin baɗi yau? A ina zan ajiye shi, rumbun ma ya rushe? Wanda Ya ciyar da ni jiya bai manta hanyar gidan nan ba."

Na kwana a gefenta, barcin da na daɗe ban samu irinsa ba.

Komowa

Da safe ta karɓi jakar ta danƙare ta da banda, har zip ya ƙi rufuwa. A shinge jami'in nan ya gane ni, ya tambayi ina uwar tawa. Na ce tana wurin aiki, na miƙa masa tarwaɗa biyu.

La'asar ta yi mini a gida lafiya, Alhamdulillah. Allah Ya saka wa Malam Bukar da matan ƙauyenmu da alheri. Ɗakin da na share wa Inna kuwa, a nan na shanya kifinta, a kan sabuwar tabarmar.