Ranar da Dada ta yi wa Bappa magana

Ko da za a wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulu a shanya a rana, ranar da Dada ta yi wa Bappa magana ba za ta goge ba.

Dada mahaifiyata ce, Bappa kuma yayan babana da ke zaune a Lau. Tun da aka kawo ta gidanmu na unguwar Barade ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, saboda kunyar miji da danginsa. In ya yi sallama sai ta faɗa ɗaki kamar an cilla ta. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu ni nake kaiwa, kuma ba na kaiwa babu gishiri. Ta ce a gaishe shi, in ce ta ce a taho mana da kindirmo daga Lau.

Ina aji uku na sakandare Baba ya fara ciwo. Mutumin da ke saɓa buhun shinkafa a shagonsa na kasuwa ya koma ko alwala ya yi sai ya huta. Idonsa ya yi fari fat, dasashinsa na zubar da jini. Bayan dogon yawon asibiti, likita ya ce ɓargon ƙashinsa ne ya daina yin jini. Ni da a miya kawai na san ɓargo, sai na saki baki. Ya ce ko dai a riƙa ƙara masa jini ana ba shi magani, ko a yi masa dashen ɓargo in na ɗan'uwansa ya dace. Baba kuwa ɗan'uwa ɗaya gare shi.

Da labari ya kai Lau, sai ga Bappa da motar haya, har da katifa a baya. Ya zauna a tsakar gida ya ce ciwon da ya shiga ƙashi ya fi ƙarfin asibiti, mutum a irin wannan hali gaban danginsa yake kwanciya. Baba bai taɓa yi wa yayansa musu ba, ya ce to. Aka fara naɗe kayansa.

Dada ta kira ni ta ce in je in gaya wa Bappa ba inda Baba za shi. Na fita da ƙarfina. Bappa ya ɗago ya kalle ni. Ni da ake cewa bakina ya fi rediyo, abin da ya fito shi ne, "Dada ta ce Allah ya kiyaye hanya."

Sai labule ya ɗaga. Ta fito ko takalmi babu, ta durƙusa a gabansa, ta dube shi.

"Yaya, ba za a fita da shi ba. Jibi za a ƙara masa jini, a Lau wa zai ƙara masa? In taimako kuka zo, likita na neman jinin ɗan'uwansa a gwada. Ku kaɗai gare shi."

"Yau ni kike wa magana?"

"Kunyarku nake ji har gobe. Amma kunya ba ta yin jini."

Ta tashi ta zauna daram a bakin ƙofar Baba, ta ce mai ɗaukarsa sai ya tsallake ta. Bappa ya fice yana huci, na ce shi ke nan, yau aure ya mutu. Da yamma motar ta koma da katifarta.

Ranar ƙarin jinin muka tarar da Bappa a asibiti ya riga mu. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, da ya ga allura sai ya runtse ido ya karanto duk addu'ar da ya sani, har ta shiga kasuwa. Da sakamako ya fito, nasa bai dace ba, aka ci gaba da magani da ƙarin jini. Har yau Baba wata rana yana shago, wata rana yana kwance, amma a gidansa yake, kusa da likitansa.

Abin da na koya shi ne, surutu daban, magana daban. Kuma maganar da ran mutum ya rataya a kanta ba a ba ɗan aike, da bakinka kake faɗa, ko muryarka na rawa.