Baba Mu'awiyya Na Bakin Mashigi

Da damina, in an sallame sallar asuba, Baba Mu'awiyya ba ya komawa gida. Yakan saɓa gorarsa ya gangara mashigin rafin da ya raba ƙauyensu da hanyar Saulawa. Sai ya tsaya tukuna ya dubi launin ruwan da abin da ya ɗauko. In kara ne da busasshen ganye, da sauƙi. In ɗanyen reshe ya gani yana wucewa, ya san an tafka ruwa a gabas, ko da a nan ɗigo bai sauka ba. Sannan ya naɗe wando ya shiga, yana dogara gora, yana laluben inda yashi ya zame. Duk mai hayewa a ranar, sawunsa zai bi.

Ba wanda ya naɗa shi. Manomin rake ne, gonarsa na bakin rafin, kuma tun gemunsa na baƙi aka saba kiransa in ruwa ya kawo. 'Yan acaɓa sun sha yi masa gunaguni, wai yana ɓata musu lokaci. Shi dai ba ya matsawa.

Hanifa mai daddawa ta ba da nata labarin: "Na zo da goyo, ga kwando a kaina. Ya ce, 'Yata, kwanto yarinyar ki ba ni. Kwandon kuwa in ya tafi, bar shi ya tafi. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya ce in fuskanci inda ruwan ke fitowa, in riƙa jan ƙafa ba ɗagawa, idona kuma a kan bishiyar ƙetare. Kwando dai ya tafi. Yarinyar ga ta can, bana ta yi sauka."

Abin da aka fi tunawa shi ne ranar da Inna Uwaliya ta rasu. Maƙabartar ƙauyen a ƙetare take. Da hantsi aka ɗauko makara, aka tarar rafi ya cika, ya yi ja, yana kumfa. Baba Mu'awiyya ya gitta gorarsa a bakin mashigi.

"A sauke ta a inuwa," in ji shi.

Salman, babban ɗan mamaciyar, ya matso. "Baba, gawa ba ta jira. Duk majiya ƙarfi ne mu."

"Na sani, Salmanu. Amma mai ɗauke da makara ba shi da hannun ceton kansa. In ɗaya ya zame, duk kun tafi, har da ita. Gawa ɗaya ta ishe mu yau."

"In bai janye ba fa?"

"Sai mu haƙa mata a gonata. Nan ma ƙasar Allah ce."

Liman ya ce a sauke. Baba ya soka kara a gefen ruwa, ya zauna yana kallonsa. Salman bai zauna ba, yana ta kai-komo cikin fushi. Bayan azahar ruwa ya janye ya bar karan a kan tudu. Baba ya shiga shi kaɗai ya gwada, ya dawo ya jera samari sun saƙala hannu da juna a ƙasan masu makara, shi kuma ya tsaya ta sama inda ruwan ya fi ƙarfi. Kafin la'asar aka rufe ta. Bayan sadakar uku Salman ya je ya durƙusa a ƙofar Baba. Baba ya tambaye shi ya aka ji da haƙuri, bai ta da wancan zancen ba.

Bana gwiwoyinsa sun ƙi. 'Ya'yansa sun roƙe shi ya huta, ya kuma yarda.

Baba Mu'awiyya, kai ne gadar da ba a taɓa yin bikin buɗewa ba. Kai ne ka yarda a ji haushinka da safe don a kwana lafiya. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya, ya hayar da kai Siraɗi cikin sauƙi.

Ku kuwa samarin Saulawa da Malikanchi, da duk inda rafi ya ratsa hanya, dattijon nan yana raye, bakinsa bai mutu ba. Ku je ku zauna gabansa tun da rani. Ranar da ruwa ya kawo, ba ya jiran ɗan koyo.