Sambukin Iya

Shekarar da aka fara aikin dam a Karaye ina koyarwa a wata firamare a cikin garin. Duk Juma'a in an tashi sai in shiga motar Rogo, daga can in ɗauki kekena da nake ajiyewa wajen wani mai faci, in ƙarasa ƙauyenmu ta wajen Zoza. Abin da ke kai ni gida kowane mako shi ne kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Iya. Tun rasuwar mahaifina take zaune wajen ƙanensa, Baffa, manomin gyaɗa ne mai ƙarancin magana. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe wa Iya ido ɗaya, ɗayan kuma dishi-dishi take gani da shi.

Iya tana 'yar yarinya iyayenta suka tafi da ita Makka a ƙasa. Shekaru suka yi a hanya, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi ƙwadagon auduga a Sudan, har suka kai bakin Bahar Maliya. Labarin hanya mun sha shi har mun haddace. Na teku ne ba ta cika taɓawa ba.

Wata Asabar na zo da littafin tarihi da nake shirya darasi da shi, a ciki akwai hoton wani tsohon jirgin ruwan Turawa. Na kai mata don tsokana, irin wasan jika da kaka.

"Amarya, ga jirginku na samo miki."

"Miji ke nan, ba nama ba goro, sai takarda," in ji ta. Ta kai littafin har kan hancinta, ta daɗe tana dubawa. "Wannan ai gida ne aka ɗora wa shanya. Namu ba haka yake ba. Sambuki suke ce masa. Dirka babba ɗaya ce, ta sunkuya gaba kamar mai ruku'u, sai ƙarama a baya. Zaninsa kuma mai kusurwa uku ne, iska ke cika shi ta tura mu."

Ta miƙo mini littafin, ta ce a hankali, "Da zan sake ganinsa ko sau ɗaya kafin idon nan ya ƙarasa."

"Zan yi miki shi," na ce.

Sai da na fito zaure na tambayi kaina me na faɗa. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Challawa da damina ba. Abin da na taɓa haɗawa a rayuwata bai wuce motar kara ta yarinta da 'yan kayan aikin hannu na makaranta ba.

Abu na farko da ya tsaya mini shi ne awo. Na ɗauki tsinken ashana a matsayin tsayin mutum, komai zan gwada da shi. Na tambayi Iya tsawon jirgin, ta ce kamar daga ƙofar gidanmu zuwa rijiya, na ja igiya na auna. Babbar dirkar kuwa ta ce ta kai giginyar bayan masallaci, sai na auna inuwar giginyar da tawa inuwar da hantsi na fitar da lissafi. Da na gama, jirgin ya kama kamu ɗaya da ɗoriya.

Na fara da sassaƙa guntun itacen rimi, na yi ta fafe cikinsa har ya yi siriri, ranar da na ce na kusa sai ya tsage daga baki zuwa gindi. Na sake shawara. Na yi masa ƙashin baya da katako, na lanƙwasa tsagin gora a kan tururin tukunya na yi haƙarƙari, na riƙa fere tukurwa da reza ina yin 'yan alluna sirara ina jerawa. Damina ce, ɗakina na Karaye yana da laima, duk abin da na liƙa da gam yau, jibi sai in tarar ya saki. Ƙarshe ƙayar aduwa na koma tsinkowa ina kafawa a madadin ƙusa. Yatsuna duk suka zama sara da huji, alli ma da ƙyar nake riƙewa a aji.

Wahalar hannu ba ta dame ni kamar maganar Iya ba. Wannan makon ta ce gindin jirgin a faɗe yake kamar ƙofa, mako mai zuwa ta ce tsini ne da shi. Ta ce matuƙin yana zaune a sama, daga baya ta ce a'a, a tsaye yake. In na ce, "Iya, ai ba haka kika ce ba wancan karon," sai ta shiga murza gefen zaninta. Na fara tsoron ko abin da nake ginawa ba a taɓa yin sa ba a duniya. Wani abokin aikina malamin Larabci da ya yi karatu a Sudan ya tabbatar mini da sunkuyon dirkar da kusurwar zanin, ya ce sauran shi ma daga nesa ya hango.

Ana cikin haka Baffa ya kai ta asibitin ido a Kano. Likita ya ce ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan za a iya yi masa aiki bayan kaka, amma a irin shekarunta ba ya yin alkawari. Yana iya buɗewa, yana iya rufewa gaba ɗaya. Tun daga ranar, duk gonar gyaɗar da na wuce a hanya sai na duba ganyenta, in na ga ya fara ja sai gabana ya faɗi.

Wata Juma'a ina jingine keke Baffa ya kira ni gefe.

"Malam, wannan aikin naka," ya ce, don haka yake kirana tun da na fara koyarwa. "Tun da kuka fara zancen jirgin nan ba ta cin abinci sosai. Jiya da azahar na same ta ta riƙe bakin tabarma da hannu biyu, wai ƙasa na lilo da ita. Ka tabbata alheri kake yi mata?"

"Baffa, ita ta nema."

"Na sani. Tsofaffi suna neman abubuwa da yawa." Ya juya zai tafi, ya ƙara da cewa, "Kuma kar ka sassaƙa mutane a ciki."

Na ce to. Tambayarsa kuwa ta bi ni har Karaye. Sau biyu ina ɗaukar jirgin in tura ƙarƙashin gado da niyyar na bari, sai in tuna yadda ta kai littafin nan kan hancinta, in jawo shi.

Ana cirar gyaɗa na gama. Na rufe samansa da alluna sumul, na kafa dirkoki biyu, na ɗinka zanin da ƙyallen akoko da na jiƙa a ruwan shayi don ya yi kalar tsufa, igiyoyin kuma da zaren ɗinkin takalmi. Na naɗe shi a zanin gado na rungume a cinya cikin motar Rogo, tsakanin buhuna da wani akuya da ya ƙudiri cin bakin zanin. Kowane rami muka faɗa sai na ji kamar haƙarƙarina ne zai karye.

Na same ta a inuwar ɗakinta. Na ɗora mata a cinya na buɗe. Yaran gida da matan Baffa suka kewaye mu suna salati. Iya ta bi shi da yatsu daga baki har gindi, ta shafa zanin, ta ɗaga shi saitin haske ta ƙanƙance ido.

"Ya yi kyau," ta ce.

Na san muryar. Da ita take yaba tuwon da bai nuna ba.

"Iya, faɗa mini gaskiya."

"Ɗan nan, ya yi kyau. Amma ban san shi ba." Ta ɗora tafin hannunta a kan allunan da na rufe saman da su. "Sau ɗaya na gan shi daga waje, da asuba, ina kan wuyan babana yana tafiya cikin ruwa. Muna hawa aka tura mu ƙasa, aka jera katako a kanmu aka shimfiɗa tabarmi, don ba mu da takardu, kar jirgin hukuma ya gan mu. A nan ciki muka zauna har Jidda. Ni cikinsa na sani."

Sai a lokacin na gane dalilin da maganarta ke canzawa. Watanni ina matsa mata ta kwatanta mini abin da ta gani sau ɗaya cikin duhun asuba, ita kuma tana ƙoƙarin kar ta ba ni kunya.

"Ya isa haka," in ji Baffa daga bakin ƙofa. "Ta gani, ta yaba. Talata za mu Kano."

Washegari da safe na zauna a zaure da sabuwar reza na shiga yanke rufin. Allo na uku ya ɓalle da haƙarƙari guda, gefen jirgin ya buɗe baki, na yi ta maza na danne da babban yatsa ina karanta duk addu'ar da ta zo mini. Da rufin ya tashi na leƙa, cikin ba kyan gani, gam ya daskare guda-guda, tsinin ƙaya ko'ina. Ba abin da za a gyara kafin Talata ba ne. Na zauna ina kallonsa. Jiya tana da jirgi ko da ba nata ba ne, yau na farke shi, kuma mai yiwuwa kwanakin ganinta na ƙarshe ke nan.

Na koma wajenta na ce ta gaya mini cikin. Wannan karon ba ta yi gargada ba. Duwatsu ne jere a ƙasa, a kansu aka shimfiɗa rassan dabino. Gangar ruwa tana ɗaure a gindin babbar dirka. Ruwan teku yana tsattsafowa, wani yana kwarfewa da gwangwani. Warin man kifi. Haske yana shigowa ta tsakanin katako kamar zare. Tana faɗa tana haki, Baffa yana tsaye yana kallona, ni kuma na kasa haɗa ido da shi.

Na nemi izini a makaranta na bi su Kano. Da za a shiga da ita ɗakin aiki ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe.

"Ka sa gangar?"

"Zan sa, Iya."

"A gindin dirka. Ba a baya ba."

Muka zauna a benci ni da Baffa. Yana jan carbi, ni ina kallon ƙofa. Duk ma'aikaciyar da ta fito sai na miƙe. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zauna, Malam. Ba kai ka sa mata yanar ba." Na zauna har aka turo ta da bandeji a fuska.

Ranar da aka kwance bandejin, likita ya ɗaga yatsu ya ce ta ƙirga. Ba ta kula shi ba. Ta juya kai a hankali har ta tsaya a kaina.

"Ashe gemu ka tara," ta ce. "Wa ya ba ka izini?"

Baffa ya fita waje da sauri, na ji shi yana fyace hanci a baranda.

Sai da ta warware aka ba ta tabarau mai kauri sannan na kawo jirgin. Na ɗinke gefen da ya fashe, tabon yana nan. Na zuba tsakuwa a ƙasa, na shimfiɗa tsagin kaba, na yi ganga da guntun gora na ɗaure a gindin dirka. Rufin na mai da shi na ɗagawa, na bar tsaga tsakanin alluna.

Ta ɗaga rufin ta leƙa. Sannan ta miƙa hannu cikin ƙwaryar gyaɗar da ake ɓarewa kusa da ita ta ɗebo. Ta ajiye ƙwaya ɗaya jikin haƙarƙari.

"Babana." Ta ajiye wata. "Innata. Ni a nan, tsakaninsu. Nan wata Bazazzagiya da goyonta. Nan wasu Barebari 'yan gida ɗaya."

Ta yi ta jerawa har cikin ya cika. Ta ƙarshe ta sa ta dab da wadda ta ce ita ce, ta ɗan jima, sai ta ɗauke ta ta riƙe a tafin hannu.

"Wannan bai sauka tare da mu ba."

"Wane ne, Iya?" in ji Baffa. Ya riga ya durƙusa kusa da ita.

"Wani tsoho mai tari. Iska ta ɗauke mana, ruwa ya yi ƙasa, aka koma ba kowa kurɓi-kurɓi. Ina ta kuka. In an miƙo masa nasa sai ya jiƙa leɓe ya ba ni sauran. Innata tana hana shi, yana cewa shi ya ƙoshi. Ana gobe za mu ga ƙasa aka ɗaga katako aka fitar da shi." Ta juya ƙwayar a hannunta. "Ko sunansa ban sani ba. Ban ma san ɗan wace ƙasa ba ne."

Ta dubi Baffa ta cikin tabarau ta ce tana so a yi masa sadaka.

Ranar Juma'a aka toya waina da yawa, Baffa da kansa ya ɗauki kwando ɗaya zuwa masallaci. Liman ya tambaya wa za a yi wa addu'a, Baffa ya ce wani bawan Allah ne da ya rasu a hanyar Makka tun kafin a haife mu. Aka shafa.

Da yamma ina shirin kwana biyun da na saba, Iya ta ce in na tashi komawa Karaye in tafi da jirgin, ta gani ya ishe ta, kuma yara za su karya. Na tambaye ta ko in kwashe gyaɗar. Ta ce in bar su yadda suke. Sannan ta aika a kawo mata sauran wainar da miya, ta ce yunwa take ji.