Gwiwa Tukuna, Sannan Dusa

Tsohon dokin sukuwa ne. Da gwiwarsa ta lalace, mai shi ya bar mini. Kowace safiya a Fadaman Mada tsarinmu ɗaya: in gasa masa gwiwa da ruwan ɗumi, in ba shi dusa da kanwa, sannan harawa. In aka sauya, ba ya ci.

Da aka gine filin da nake zagayawa da shi, dole na kai shi Zungur wurin wani manomi. Na jera masa tsarin.

Ya yi dariya. "Malam, doki ne fa, ba ango ba."

Na ce, "Gwiwa tukuna."

Har yau in na gamu da mutumin Zungur a kasuwar Muda Lawal, sai na tambaye shi ko dokin nan yana ci.